Wankan Motar Yaya

Shekarar da Yayana ya sayi motarsa ina gida. Aurena na fari ya mutu, na kwaso keken ɗinkina na kafa shi a ɗakin da tagarsa ke kallon ƙofar gida, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi, ba labari aka ba ni ba. Gidanmu a Tudun Wadar Jos yake, can sama inda duwatsu suka fi gidaje yawa. Manya huɗu ne a ciki: Innarmu, Yaya, matarsa, sai ni.

Lokacin ne kuɗi ya shigo ƙasa ba sallama. Mutumin da ka sani jiya yana auna gawayi, yau sai ka gan shi da jaka a hammata ana ce masa ɗan kwangila. Shi dai Yaya, in za a faɗi gaskiya, ya sha wahalarsa. Ya daɗe yana lodin dankalin Turawa da kabeji zuwa kudu kafin Allah ya buɗa masa ya sami kwangilar kai abinci makarantun kwana. Ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, kowa ya koma ce masa Alhaji har matarsa. Ni kuwa Yaya na sani, kuma Yaya na ci gaba da ce masa ko a gaban baƙi.

Motar ta iso da farkon damina. Doguwa ce, ruwan madara, in ta shigo layinmu sai masu tallan kayan miya sun janye farantansu. Ba a murɗa gilashinta da hannu, maɓalli ake dannawa ya sauka da kansa. In an kunna rediyo sai eriya ta miƙe a hankali daga jikin motar, yaran unguwa su ɗauki ihu. Har na'urar sanyi gare ta, a garin Jos, inda mutum ke neman bargo da tsakar rana in hadari ya haɗu. Ranar farko Yaya ya kunna ta ya zauna ciki da kwat, haƙoransa na haɗuwa, yana kiran maƙwabta su leƙo su ji daɗi. Ledar da ta zo a kan kujeru kuwa ya ce duk wanda ya yage ta ya nemi wani gidan. Ya sa aka yi mata rumfar kwano a ƙofar gida, wadda ta fi rufin ɗakina kyau nesa ba kusa ba.

Motar nan tana da dalili, kuma kowa a unguwa ya san dalilin, don Yaya bai bar kowa ya huta da shi ba. Innarmu a Naraguta ta yi ƙuruciyarta. Babanmu leburan kuza ne, da ya rasu sai ita ma ta ɗauki kwanon ƙasa a ka, daga rami zuwa wurin wanki, don mu ci. Ni ina goye, Yaya yana riƙe da bakin zaninta. Akwai wani Baturen kamfani mai baƙar mota, in ya taho sai leburori su sauka gefen hanya su ba shi wuri. Wai wata rana ya watsa wa Inna jan taɓo tun daga ɗankwali har ƙafa, shi kuma Yaya, yana ɗan yaro, ya rantse sai ya ɗauko ta a motar da ta fi wannan ya bi da ita wannan hanyar. Na ji labarin nan daga bakinsa har na haddace, kuma kowace shekara taɓon ƙaruwa yake yi. Da na tambayi Inna sai ta ce ita ba ta tuna ba. Ta ce kullum cikin taɓo suke, ba ta ware na mota daban ba.

Abin da Inna ke so a Naraguta ba hanya ba ce, mutum ce. Tana da aminiya a can, 'yar asalin wurin, wadda suka ɗauki kwano tare tun suna da ƙarfinsu. Ita coci take zuwa, Inna salla take yi, ban taɓa jin abin ya shiga tsakaninsu ba. Shekarar da Inna ta kwanta ciwon da aka fid da rai, matar nan ce ta kwashe mu, ta goya ni, ta cika cikin Yaya da gwate, ta yi aikin mutum biyu a rami don kada a kori Inna. Mama muke ce mata. Tsufa ya raba su da yawan ziyara, amma saƙo bai yanke ba. Daga can a aiko da acca, daga nan a aika da daddawa.

Wata ranar Litinin, damina ta yi tsakiya, sai ga ɗan Mama a kan keke. Magidanci ne, yana noman lambu a bakin wani tsohon ramin kuza. Ya gaishe da Inna ya ce ƙafafun Mama sun kumbura, ba ta iya tashi, kuma ba ta da magana sai ta ƙawarta. Inna ta miƙe nan take ta jawo mayafi, ta ce in raka ta bakin titi mu shiga bas. Naraguta ba wata uwa duniya ba ce. In ka fita da hantsi ka kai ka dawo ka yi azahar a gida.

Yaya ya tare ƙofar zaure.

"Bas? Uwata a bas, ga mota a ƙofar gida? Inna, so kike a yi da ni a garin nan? Ai ranar da nake jira ce ta zo. Gobe da safe ni da kaina zan kai ki, a ga shigarki a ga fitarki."

Ya juya wajen ɗan Mama ya ce ya je ya faɗa mata ƙawarta na tafe a mota, irin wadda ko Bature bai shiga ba. Bawan Allah ya hau kekensa ya tafi da saƙon.

Da la'asar Yaya ya tuɓe babbar riga ya shiga shirin gobe. Ba ya yarda kowa ya wanke masa mota, shi da kansa yake yi, da bokiti da soso da garin sabulu. Da ya gama jiki da tayoyi sai zuciyarsa ta ce ya buɗe bonet ya duba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ga inji ya yi ja da ƙurar hanya da maiƙo. Ina ji ta taga yana salati.

"Ashe duk ƙazanta ce a ciki! A haka zan ɗauki Inna?"

Ya sa aka ɗora ruwa. Ya kwaɓa kumfa ya dirje injin nan lungu-lungu, har da tsohon burushin haƙori, ya bi kowace waya ya cuɗa ta, sa'an nan ya yi ta sheƙa bokiti har ruwan da ke zuba ƙasa ya fito fari tas. Ko jaririn da aka haifa yau bai sami wankan da injin nan ya samu ba. Ya rufe bonet, ya ja tamfol ya lulluɓe motar, ya shigo gida yana murmushi. Mu duka mun gani. Ni har cewa na yi sannu da aiki, don a gidanmu an yarda cewa duk abin da aka wanke ya ƙaru.

Da safe Inna ta yi wanka ta ɗaura atamfarta ta fita unguwa. Ta ƙulle tsarabarta a ɗankwali, daddawa da kuka da sabulu da man zafi na shafa ƙafa da sabon zani, ta zauna a kujera 'yar tsugunno a zaure da ƙullin a cinya. Yaya ya fito cikin shadda, ƙamshin turare na binsa. Maƙwabta sun jeru, don ya riga ya sanar. Ya zauna, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Mota ta yi tari. Ya sake, ta sake tari, ta yi wata irin shessheƙa, ta yi shiru. Ya yi ta murɗawa har muryar batir ta dushe.

Nan da nan kowa ya zama masani. Mai shayi ya ce man da aka sayar masa gauraye ne. Wani tsohon direban tifa ya ce a tura ta. Aka ce masa wannan ba ta da giyar hannu, turi ba ya tayar da ita, ya ce shi bai taɓa ganin motar da ta fi ƙarfin turi ba. Majiya ƙarfi suka tura ta har gangare, ta tafi salin-alin ba ta ce uffan ba, ta tsaya a gaban mai nika. Ƙarshenta wata akori-kura mai jigilar itace ce ta ja ta da igiya zuwa gareji a Kabong, Yaya na zaune a sitiyari cikin shaddarsa yana kallon gaba kamar bai san kowa ba. Inna ta koma ɗaki ta cire atamfa ta ninke.

Mai garejin Inyamuri ne, mutumin kirki mai fara'a, kuma aiki ya yi masa yawa. Gareji dai fili ne da bishiyar mangwaro. Ya ɗage bonet ya bar motar a rana, ya ce yana zuwa, ya tafi ya gama da motocin da suka riga ta, ya ci abincinsa. Sai bayan azahar ya waiwayo ta. Yaya ne ya ba mu labari da bakinsa. Wai mutumin ya kwance fulogi ɗaya ya ɗaga shi sama ya girgiza kai.

"Oga Alhaji, wannan mota ba shi da wahala. Fulogi ne ya mutu. Na wancan ƙasa ba ya son iskan Jos."

Ya cire na ainihi ya sa nasa, ya murɗa makulli, mota ta tashi tangaram. Yaya ya dawo da la'asar yana danna ham tun daga gangare. Na fito da gudu na ce to alhamdu lillahi, Inna ta ɗauko mayafi mu tafi yanzu, ai da sauran rana. Ya kama hannuna ya zagaya da ni. Ya nuna mini shatin yatsun kanikawa a ƙofa, a sitiyari, a kan inji, baƙi ƙirin.

"A haka? Ke ba ki da ido? Kuma wa ke zuwa dubiya da yamma kamar mai gudun bashi? Da safe za mu, ido na ganin ido."

Ya tuɓe riga, ya sa aka ɗora ruwa.

Ba sai na ja ku da nisa ba. Washegari ta yi tari ta yi shiru, akori-kura ta zo. Wannan karon aka ce kwayil ne, abin da ke ba fulogi wuta. Bayan kwayil aka ce kafireto, mai ba inji fetur, aka kira wani gwani wanda ke zuƙar fetur da baki ya furzar, ya kwance ta ya hura kowace ƙofa ya mayar, ya bar 'yan ƙananan kusoshi a ƙasa ya ce dama Turawa sun cika sa abin da ba shi da amfani. Bayan shi aka sake batir. Kullum labarin ɗaya ne. Ta kwana a jiƙe, ta ƙi tashi da safe, ta wuni a rana a gareji, a canja mata wani abu, ta tashi, bakanike ya ɗaga kafaɗa. Ta dawo gida da maiƙo, Yaya ya wanke maiƙon. Ba wanda ya tambaye shi me yake yi mata a gida, shi ma bai ga abin faɗa ba, tun da mutum ba ya zuwa asibiti ya ce wa likita yana wanka. Sannu a hankali kayan cikin motar suka ƙaura zuwa Kabong ɗaya bayan ɗaya, aka maye gurbinsu da abin da aka samu. Mai akori-kura kuwa ya daina jigilar itace da safe, sai ya zo ya tsaya a bakin layinmu yana shan shayi yana jira.

Ga shi lokacin da Jos ke yin halinta ne. Yayyafi ba ya ɗaukewa, hazo ya sauko ya zauna a kan duwatsu, in ka shanya zani sai ya kwana biyu yana ɗiga. Inna, da tausayin ɗanta ya kama ta, ta ce da shi wata safiya, "Ko dai sanyi ne ke damunta? Baƙuwa ce fa." Yaya ya ce wallahi Inna ta gano. Daga ranar, in ya gama sheƙa wa inji ruwa sai ya ɗauko bargon da ya zo da shi daga Makka ya lulluɓe shi da shi, ya rufe bonet, ya ja tamfol. Da safe bargon nan sai an matse shi.

Daga nan motar ta fara abin da ya fi tari. Ana zaune da hantsi sai ham ya kama kuka shi kaɗai, ba kowa a ciki, har kaji su watse. Gilashin baya ya sauka ya ƙi hawa. Abin share ruwa ya tashi yana kai da kawo ba wanda ya taɓa shi, eriya ta fito ta koma ta sake fitowa. Aka kawo mai gyaran waya daga tasha, wani siriri mai sigari a kunne, kayan aikinsa ƙwan fitila ɗaya ne da guntun waya da haƙoransa. Yana gwada wuta ta hanyar goga waya a jikin ƙarfe ya ga tartsatsi. Ya tarar fis ya ƙone, ya ce fis ɗin Turawa ragwaye ne, abu kaɗan sai su mutu. Ya yago takardar azurfa ta cikin kwalin sigarinsa ya naɗe ya cusa. Ya yanke wayar ham ya jawo ta ya haɗa da makunnin fitila irin na bangon ɗaki, ya ɗaure a ƙarƙashin sitiyari. Bayan tafiyarsa in an taka birki sai fitilar cikin mota ta kama, in an buɗe ƙofa sai rediyo ya gaishe ka.

Da abin ya kai haka sai unguwa ta yanke hukunci cewa baki ne. Motar da ta shigo gari da ido a kanta haka, ai dole. Yaya ya ji daɗin wannan bayani fiye da duk na kanikawa, don ya nuna yana da maƙiya, kuma mai maƙiya babban mutum ne. Ya fara kallon mai shayi a kaikaice. Aka kai shi wurin wani mai magani ya ba shi jiƙon saiwoyi a galan, ya ce a riƙa yayyafa wa inji safe da yamma. Yaya ba mutumin yayyafi ba ne. Kwarara ya riƙa yi, bayan wanka, kafin bargo.

Duk wannan abin dariya ne, kuma na yi dariyar har na gode Allah. Abin da ba na dariya ba shi ne zaure. Kowace safiya Inna sai ta yi wanka ta ɗaura atamfar nan ta zauna da ƙullinta a cinya. Ta saurari tarin mota, ta saurari zuwan akori-kura, ta tashi ta koma ɗaki ta ninke atamfa. Daddawar cikin ƙullin har ta fara ratsa sabon zanin da wari, ta kwance ta sake naɗe ta a wani ganye. Raina ya yi ta ɓaci har na kasa ɗinki. Wata rana da Yaya ya bi motarsa gareji na shiga na same ta.

"Inna, tashi mu tafi. Ga bas can na wucewa fanko. Kafin ya dawo mun je mun dawo."

Ta girgiza kai. "Tun yana yaro yake ɗauke da abin nan a ransa. In na shiga bas na zubar masa da shi a ƙasa. Bari dai ya sauke."

"Mama fa? Ita ta ce miki za ta jira fulogi?"

Ta ce in rufe mata baki. Na rufe, amma da Yaya ya dawo na buɗe masa shi gaba ɗaya. Na ce matar da ta cika masa ciki lokacin da ba shi da wando tana kwance, shi yana nan yana goge ƙarfe. Na ce ba Inna yake so ya kai Naraguta ba, kansa yake so ya kai, Inna kaya ce kawai. Ya ce ni da na kasa riƙe gidan miji ba ni zan koya masa riƙon uwa ba. Matarsa ta shiga tsakani. Mun kwana biyu ba ma gaisawa.

Ɗan Mama ya sake zuwa. Ya ce yanzu ko kunu ba ta sha sosai. Ya ce, cikin ladabi, in motar Oga Alhaji ba ta da lafiya akwai tasi a bakin kasuwa. Yaya ya dafa kafaɗarsa ya zagaya da shi yana nuna masa maɓallan gilashi, waɗanda ba ko ɗaya da ya motsa. Ya loda masa shinkafa da madara da sukari a bayan keke har taya ta kwanta, ya ce ya gaya wa Mama jibi-jibin nan, an gano matsalar.

Zuwan ɗan Mama na uku da safe ne. Yaya ya ɗage bonet ya cire bargo, yana tsaye da bokiti a hannu zai ƙara ɗauraye wani wuri da ya ga bai fita ba. Mutumin ya jingine keke, ya cire hularsa. Inna na zaune a zaure cikin atamfarta. Ya durƙusa a gabanta ya ce Mama ta tafi shekaranjiya, jiya aka binne ta. Ya ce bai zo da wuri ba ne don ba wanda zai bari a gida. Sa'an nan ya ƙara da abin da na tabbata ba don ya soki kowa ya faɗa ba. Ya ce tun ranar da ya kai mata saƙo ta sa aka juya gadonta ya kalli ƙofa, duk ƙarar motar da ta ji a hanya sai ta ce a leƙa.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce Allah ya ba su haƙuri, ta tashi da ƙullinta ta shiga ɗaki. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe ta. Yaya ya ajiye bokitin nan inda yake tsaye, ya shigo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta ya zauna. Kwanaki yana nan, ba kasuwa ba gareji. In na fito da kwanon kunu ya dube ni, in na girgiza kai ya sunkuya. Ita ba ta kira shi ba, shi kuma bai iya shiga ba. Na tausaya masa, ban kuwa so na tausaya ba.

A kwanakin nan ruwa ya ɗauke, kamar yadda yakan yi a tsakiyar damina. Rana ta fito, iska ta riƙa kaɗawa. Motar na nan a rumfa yadda ya bar ta, bonet a ɗage, bargo a ƙasa, kwanon rumfa na gasa ta daga sama. Ba wanda ya kula ta sai wata kaza da ta mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa.

Ranar da Inna ta ji ƙarfi ta yi wanka ta ɗaura atamfar, ta fito da ƙullin ta miƙa mini, ta ce in zo mu je gaisuwa. Yaya ya yi wuf ya riga mu fita, ba shadda ba turare, da rigar da ya kwana da ita. Ya rufe bonet ya faɗa ciki ya murɗa makulli, ina jin don dai kada a ce bai gwada ba. Murɗawa ɗaya ta tashi. Ba tari ba shessheƙa, wani lallausan sauti kamar ranar da aka kawo ta. Ya fito ya tsaya. Na ga idonsa ya sauka a kan bokitin da ya bushe ƙamas, da bargon da ke yashe, ya daɗe a kansu. Ni ma nan na gane. Ba fulogi ba ne, ba kwayil ba ne, ba bakin mai shayi ba ne. Ruwa ne. Motar nan ba abin da take nema tun farko sai a ƙyale ta ta bushe.

Ya buɗe ƙofar baya. Ya sa hannu ya yage ledar kujerar da kansa, ya dunƙule ya jefar.

"Inna, ta tashi."

"Na ji," in ji Inna. "Allah ya sanya alheri. Mai son ganinta ta riga ta tafi."

Ta wuce ta gabansa ta kama gangare da ƙafa, ina biye da ƙulli. A bakin titi muka shiga bas, aka matsa mana wuri tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani ɗan makaranta. Da na waiwaya ta gilashin baya sai na hango motar, doguwa, ruwan madara, tana biye da mu a hankali. In bas ya tsaya ɗaukar fasinja ta tsaya, in ya tashi ta tashi. Duk lokacin da ya taka birki ina hango fitilar cikinta ta kama a kan kujerar da ba kowa. Inna ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

A Naraguta muka sauka muka kama 'yar hanyar da ke shiga unguwar su Mama, ta gefen tsofaffin ramukan kuza. Hanyar jar ƙasa ce, matsattsa, gefenta kwata ce da ba ta bushewa ko rana ta kwana nawa. Ita ce hanyar da Yaya ya yi shekaru yana ba da labarinta. Muna cikin tafiya sai ƙarar injin ta matso bayanmu. Wasu mata da suka taho da kwanonin kayan lambu a ka suka sauka gefe. Ban ankara ba sai na ga Inna ita ma ta tattare zaninta ta sauka cikin kwatar, ba tare da ta ɗaga kai ba, yadda ƙafarta ta saba tun ina goye. Ta tsaya cikin jan taɓo har idon sawu, ta juya wa hanya baya, tana jiran mai mota ya wuce.

Bai wuce ba. Na ji ya kashe injin. Muka tsaya haka, ita a cikin taɓo, shi a cikin mota, har sai da na miƙa mata hannu na jawo ta muka ƙarasa da ƙafa.